Ranar da Auta ya ƙi gane ɗan'uwansa

Mussoshi uku gare mu a gida nan Badariya cikin Birnin Kebbi, mage ko kyanwa kenan ga waɗanda ba 'yan yankinmu ba. Ciki ɗaya ne, a bayan buhunan shinkafa aka haife su a sito, uwar na yaye su ta yi gaba ba mu sake ganinta ba. Goje shi ne babba, ja ne mai ƙaton kai, sai Auta fari da baƙi ɗan siriri, sai mace ɗaya a tsakaninsu shi ya sa yara suka sa mata Kande. Tun suna ƙanana a kwali ɗaya suke kwana, har suka girma ba su daina ba, za ka tarar Goje ya danne wuyan Auta da hannu yana lasar masa kunne shi kuma ya lumshe ido. Ina faɗin wannan ne don a gane irin tashin hankalin da na shiga ranar da na ga Auta ya tasar ma Goje kamar bai taɓa ganinsa ba a duniya.

Abin da ya kai mu ga maganar fiɗiya, Goje ne. Yana cika shekara ya canza, kumatunsa suka yi faɗi, wuyansa ya yi kauri, ya fara yawon dare, wani lokaci kwana biyu uku ba ya gida sai ya dawo da kunne a yage ko ƙurji a gefen fuska yana wari. Sai kuma fitsarin nan, wanda ya taɓa zama da muzuru ya san abin da nake nufi, ba tsugunawa yake ba, juya baya yake ga labule ko ƙafar kujera ya ɗaga wutsiya tana rawa ya fesa, kuma warin ba ya fita ko ka wanke sau uku. Ranar da ya fesa wa babbar rigar Abban yara wadda aka goge don Juma'a, ranar ya ce min ko dai a san yadda za a yi ko a sa shi a buhu a kai shi bayan gari. Ni kuma wallahi ba zan iya ba, dabbar da na shayar da madara a murfin kwalba.

Ga Kande ita ma, haihuwa biyu cikin shekara ɗaya. Cikin mussa wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma tun tana wata biyar shida za ta iya ɗauka, ba ta gama yaye waɗannan ba ta fara kukan neman namiji, muzuran unguwa su taru a kan kwanonmu ana kokawa har asuba. Na farko mun samu masu karɓar 'ya'yan, na biyu kuwa sai da na yi ta roƙon mutane.

Inna, wato mahaifiyar maigida, da muke zaune tare, ita ce ta fara cewa a'a. Ta ce min "ke ɗiyata, mi wanga muzuru yay yi muku da za ku kai shi a yanke? Ku bar shi awa yadda Allah yay yi shi." Maganarta ta tsaya min a rai gaskiya, don haka sai da na tambayi malaminmu na Islamiyya. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan fiɗiye dabba, akwai waɗanda suka ƙi akwai waɗanda suka halatta idan akwai amfani ko za a kauce wa wata cuta, ya kawo cewa Annabi (SAW) ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu, ya kuma tuna min hadisin matar da ta shiga wuta saboda mussar da ta kulle ba ci ba sha. Ya ce abin da za ki kiyaye shi ne kar a azabtar da shi. Da na dawo na gaya wa Inna sai ta yi shiru, can ta ce to ai su taure ma haka aka yi musu, amma ita tsoronta kar ya daina kama ɓera.

Neman wanda zai yi aikin ma wani abu ne, don nan garin yawancin masu harkar dabbobi shanu da tumaki da kaji suka fi sabawa da su. Wani a shagon maganin dabbobi ya ce in kawo shi ya ɗaure masa roba kamar yadda ake yi wa ɗan rago, in kwana biyu abin zai bushe ya faɗi, na ce Allah ya kiyaye, ido biyu ba allurar barci? Daga baya ƙanen maigida ya haɗa mu da wani likitan dabbobi da ya yi karatu a jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ya saba yi wa karnuka da mussoshi. Ya ce a fara kawo shi ya gani. Ya auna shi kilo 4 da ɗan wani abu, ya duba baki da ido, ya ba shi maganin tsutsa, ya yi masa rigakafin ciwon haukan kare, ya ce a dawo bayan sati biyu. Ya so a yi wa mazan biyu rana ɗaya, ni ce na ce kuɗin ba za su kai ba a watan, a fara da Goje tunda shi ne mai matsalar. Da na sani da na ranto na yi musu tare.

Watan Janairu aka yi, lokacin ɗari, kuma dokta da kansa ya ce gara yanzu da a bari sai Maris ko Afrilu da zafin Kebbi ke wuce digiri 40 ga ƙuda, don ƙuda in ya samu ciwo ƙwai yake sakawa. Ya ce daga ƙarfe 10 na dare a ɗauke abinci, ruwa kawai. Daren nan duka ukun na hana su ci don ba yadda za ka ba biyu ka hana ɗaya. Da safe na sa shi a kwandon roba mai murfi na ɗaure da igiya na lulluɓe da tsohon zani, muka hau Keke Napep ni da ƙanen maigida, tun daga gida har can kuka yake wani irin kuka mai kauri da ban taɓa ji ba.

Aikin kansa bai kai yadda na ɗauka ba. An yi masa allura a cinya, bayan 'yan mintuna ya yi amai kaɗan, dokta ya ce maganin ne ke sa haka shi ya sa ake hana abinci, sai ya langaɓe. Abin da ya tsorata ni idonsa a buɗe yake tar, ba ya ƙiftawa, na ce Dokta lafiya kuwa? Ya ce Hajiya haka suke yi, ya ɗiga masa wani magani a idon don kar ya bushe. Na fita waje don ba zan iya kallo ba, ban gama amsa wayar Inna ba aka ce an gama, duka-duka bai fi minti 15 ba. Tsaga biyu ne ƙanana a jakar, ko ɗinki ba a yi, da kansa yake haɗewa. Ya yi masa allurar rage zafi ya kuma ja min kunne sosai a kan abu biyu. Na ɗaya kar in kuskura in ba shi Panadol ko da ɓari ne, hantar mussa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Na biyu kar in wanke wurin da Dettol ko Izal, su ma guba ne gare su, tunda duk abin da ya taɓa jikinsu sai sun lashe. Ya kuma ce in ajiye shi wuri shi kaɗai har ya wartsake, wannan ɗin ne na ji da kunne ɗaya, na ɗauka don kar yara su dame shi ne kawai.

Muna isowa gida wajen azahar na buɗe kwandon a tsakiyar falo, a tunanina in ya ga 'yan'uwansa hankalinsa zai kwanta. Ya fito yana tangaɗi kamar ƙafafun baya ba nasa ba, ya yi taku uku ya zube a kan kafet. Auta ya taho da gudu wutsiya a sama kamar yadda ya saba tarbarsa, sai da ya rage kamar taku biyu ya ja ya tsaya cak. Ya miƙa wuya ya shinshina kansa, ya zagaya ya shinshina wajen wutsiya, sai ya ɗan buɗe baki ya tsaya haka kamar wanda aka dasa. Kafin in ankara kunnuwansa sun kwanta baya, gashin bayansa ya miƙe, wutsiyar nan ta kumbura ta zama kamar tsintsiya, ya saki wani huci ya kai masa mari a fuska. Goje ko ɗaga kai bai iya yi ba. Na sa hannu zan raba, Auta ya yakushe ni tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, har yanzu akwai tabon. Kande kuwa tuni ta haye kan wadrob tana gurnani daga can, ranar ko abinci ba ta sauko ta ci ba.

Inna na zaune tana kallo ta ce "kin gani ko? Sun san an rage shi, ba su sake yarda da shi." Wallahi sai da na yi hawaye, don na ɗauka shi kenan na raba su da hannuna. Na kira dokta ina magana murya na rawa, ya bari na gama sannan ya ce Hajiya ba na ce a ware shi ba? Ya ce mussa da hanci take gane ɗan'uwanta fiye da ido. Waɗanda ke zaune gida ɗaya wannan gogar juna da suke yi da kumatu da lasar juna da kwana wuri ɗaya, ƙamshi ɗaya suke haɗawa na gidan, da shi suke sanin wane namu ne. Yanzu Goje ya dawo da warin asibiti, warin magani da sifirit da jini da hannun baƙi da na wasu dabbobin da aka kwantar a teburin, ga shi tafiyarsa ma ta canza saboda allura. A wajen Auta wani baƙon muzuru ne ya shigo masa falo. Ya ce ba maganar sanin an rage shi ba ce, ko wanka aka yi masa a wani wuri ko kwana ya yi a asibiti don wani ciwo daban, haka na iya faruwa.

Abin da ya sa ni yi ba wani abu ne mai tsada ba, haƙuri kawai yake ci. Na kai Goje ɗakin baƙi na rufe, da ruwansa da tsohon daro da na zuba yashi a ciki, a ƙasa na shimfiɗa masa bargo don kar ya hau gado ya faɗo. Sai dare ya ɗan ci kifi kaɗan. Washegari na fara aikin safa: in sa tsohuwar safa a hannu in shafa kumatun Auta da ƙasan haɓarsa, wurin da suke goga wa mutum a ƙafa, in je in shafa wa Goje a jiki, in shafo nasa in kawo wa Auta da Kande. Ranar farko da na miƙa wa Auta safar huci ya yi mata ya bar wurin. Na ɗauko zanin da suke kwana a kai a kwali na kai wa Goje, nasa bargon kuma bayan kwana biyu na fito da shi falo. Abinci kuma sai na riƙa ajiye kwanukan a bakin ƙofar ɗakin, shi ta ciki su ta waje, suna ci suna jin warin juna ta ƙasan ƙofa.

A kwana na uku na yi gaggawa, na ga Auta ya kwanta a bakin ƙofar sai na ce ai an shirya, na buɗe gaba ɗaya. Ba a yi minti ɗaya ba ya bi shi har ƙarƙashin gado, wannan karon Goje ya warware shi ma ya rama, gashi ya tashi a ɗakin. Da tabarma na shiga tsakaninsu, na koyi darasi ba na sa hannu. Muka koma farko. Kuma na lura duk lokacin da yara suka daka wa Auta tsawa ko suka ɗaga masa takalmi abin ƙaruwa yake, sai na hana kowa, na ce ba mugunta yake ba tsoro yake ji.

Kande ce ta fara saukowa. A kwana na biyar na buɗe ƙofar kamar faɗin yatsu uku na tokare da dutse, ta zo ta sa hanci, shi ma ya sa, suka daɗe a haka, sai ta juya ta zauna tana lasar hannunta kamar ba komai. Auta sai kwana na bakwai ya shiga ɗakin da kansa, ya zagaye ko'ina yana shinshina, ya ci ragowar abincin Goje, ya fita. Ba faɗa ba gaisuwa. A dare na tara na fito shan ruwa na haska fitilar waya na gan su a kwali, ba a manne kamar da ba, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, amma dai kwali ɗaya. Na je na tada Abban yara na ce zo ka gani.

To a nan na ɗauka an gama, ashe akwai zango na biyu wanda ya fi na farko tsawo. Shi Goje sati uku bayan aiki bai fasa komai ba, yana fesa fitsari, yana kuka a bakin ƙofa da dare, har Kande yake bi yana kama mata wuya. Abban yara ya ce an dai ci kuɗinmu. Dokta ya ce a'a, sinadarin namiji da ke jikinsa ba rana ɗaya yake ƙarewa ba, a hankali yake sauka cikin makonni, kuma ya ce in kula don har zuwa sati shida bayan fiɗiya muzuru na iya yi wa mace ciki da ragowar abin da ke jikinsa. Wannan ban taɓa sani ba, kuma na tabbata da yawa ba su sani ba. Ya ƙara da cewa wanda aka yi wa bayan ya girma ya saba da halin, wani abin ya riga ya zama ɗabi'a, zai ragu sosai amma ba lallai ya ɓace duka ba, shi ya sa aka fi son a yi tun suna wata biyar zuwa shida kafin su fara.

Wajen sati na biyar na fara ganin bambanci, kuma hancina ne ya fara gaya min, warin daron yashinsa ya daina hawa kai. Sai yawon dare ya ragu, ya koma fita da magariba ya dawo kafin a rufe gida, daga baya ma sai ya hau katanga ya zauna kawai. Ya fara zuwa yana kwanciya kusa da Inna in tana lazimi, abin da tun yana ƙarami rabon da ya yi.

Sai dai yadda Goje ke sanyi haka Auta ke zafi. Da can Goje ne mai gida, shi ke fara cin abinci, shi ke kwana a kan firij, in baƙon muzuru ya hau katanga shi ke fita. Auta bai taɓa fesa fitsari a ɗaki ba sai a lokacin. Yanzu ya ga fili, ga muzuran waje sun fara shigowa har tsakar gida tunda mai korarsu ya daina, sai ya ɗauki aikin. Ya ƙwace kan firij. In an zuba abinci sai ya tsaya a kan kwanon ya zuba wa Goje ido har sai ya ja baya. Akwai abin da ya fi ba ni tausayi, sai ya je ya kwanta a bakin ƙofar da ake bi zuwa wurin yashi, bai yi huci ba bai yi komai ba, kwanciya kawai, amma Goje ba zai wuce ba, sai ya riƙe har ya yi a bayan kujera. Da farko na ɗauka rashin ji ne na Goje, sai da na zauna na lura da kyau na gane tare masa hanya ake yi. Na ƙara daro biyu a wurare daban-daban, kwanon abinci ma kowa nasa nesa da juna, abin ya yi sauƙi amma bai ƙare ba. Kumatun Auta suka fara faɗi, ya dawo da ciwonsa na farko a kafaɗa. Na ce to ai mun canza muzuru ne kawai.

Ƙarshen Fabrairu na haɗa kuɗin adashina na kai Auta da Kande rana ɗaya, kafin zafi ya kankama. Na Kande ya fi girma don ita ciki ake buɗewa a cire mahaifa da ƙwayayen, ya ɗauki lokaci fiye da na mazan, an aske mata ciki an yi ɗinki, aka ce a dawo bayan kwana 10 a cire zare. Don kar ta lashe wurin na yanke hannun wata tsohuwar rigar sanyi ta yara na huda wurin ƙafafu na sa mata, kwana biyu tana tafiya da baya-baya tana faɗuwa kafin ta saba. Ita sai da ta yi kwana uku ba ta son motsi, ni kuma kullum safe da yamma ina ɗaga rigar in duba ko ya kumbura ko yana ruwa.

Wannan karon ban yi wasa ba. Tun kafin mu tafi na sa zanin kwanansu a cikin kwandunan, muna dawowa kai tsaye ɗakin baƙi, Auta a ciki, Kande a ɗakina, ba wanda ya ga wani. Safa tun daren farko. Goje ya zo ƙofar ya yi huci sau ɗaya ranar farko, washegari ya kwanta a wurin, a kwana na uku na haɗa shi da Auta ina tsaye da tabarma a hannu ban ma yi amfani da ita ba. Kande na bari sai da aka cire zare, don ko wasa suka yi da ita ɗinkin na iya buɗewa. Abin mamaki ita ce ta fi daɗewa tana fushi, ta fi sati biyu duk wanda ya matso ta mare shi, har ni.

Shi ma Auta sai da ya ɗauki nasa makonnin kafin ya sauka, tare hanyar nan bai daina ba sai wajen tsakiyar Afrilu. Kan firij dai har yau nasa ne, Goje bai sake nema ba, ya koma ƙarƙashin randar Inna inda ƙasa ke da sanyi. Lasar kunne ta dawo, sai dai yanzu Auta ne ke danne wuyan Goje yana lasa. Kande kukan dare ya ƙare gaba ɗaya, kwanonmu ya yi shiru, amma halinta na nan, ba ta son a ɗauke ta kuma ita ke fara zaɓar kan kifi. Na faɗi haka ne don masu cewa fiɗiya na mayar da dabba wata iri, ni dai abin da na gani ya tafi shi ne yawo da faɗa da neman mace, amma Auta ɓarawon nama ne tun yana ƙarami kuma har gobe in ka bar tukunya a buɗe za ka gani. Fitsarin ma sau biyu Goje ya sake fesawa, duka biyun ranar da wani baƙin muzuru ya shigo tsakar gida ne.

Abin da ya zo sabo shi ne ci. Duka ukun cikinsu ya buɗe, ga ba yawo, cikin wata uku Goje ya yi tumbi har yana lilo. Dokta ya ce in rage musu kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da nake ba su, in daina barin abinci a kwano yini guda, in kuma yawaita musu ruwa musamman mazan, ya ce duk ranar da na ga namiji yana ta tsugunawa a yashi yana nishi fitsari ba ya fita, kar in jira gobe, toshewa ce kuma tana kisa cikin kwana ɗaya biyu. Yanzu sau biyu nake ba su, safe da magariba, ruwa kuma a wuri uku.

Wata maƙwabciyarmu da ta ga yadda namu suka natsu ta kai nata muzurun, ta dawo da shi ta sake a tsakar gida cikin sauran kamar yadda na yi, da yamma sai ga ta a guje wai mussoshinta sun haukace maigidanta ya ce a fitar da wanda aka yi wa aikin tunda shi ake faɗa a kansa. Na ɗauki safa da tabarma na bi ta, muka kulle shi a kicin ɗinta na waje. Nata kwana huɗu kawai suka yi.

Maganar ɓera kuwa, bayan an kawo sabuwar shinkafa daga ƙauye aka jibge a sito, da asuba Inna ta fito alwala ta tarar da guda biyu an jera mata a bakin ƙofar ɗakinta, Goje na zaune a gefe yana wanke fuska. Ta ƙwala min kira ta ce "ke taho ki gani, ashe shina kamu." Tun ranar ita ke ajiye masa kan kifi a ƙarƙashin faifai, ni kuma ina bi ina ragewa saboda tumbin.